Jana'izar Masu Rai

Likitan da suka gani a birnin Asyut na ƙasar Masar ya ce da wuya Sidhom ya ga ƙarshen babban azumin Kirista. Matarsa Rifka ya gaya wa, ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa, shi kuwa Sidhom yana bayan labule yana ɗaure wando, kuma ya ji komai, don a jikinsa kaf kunnen ne kaɗai bai tsufa ba. Da suka hau motar komawa ƙauye sai ya ce, "Mutumin kirki ne likitan nan. Tun da aka haife ni ba wanda ya taɓa gaya mini lokaci sai shi."

Rifka ta ce, "Rufa mana baki, mutane suna jin ka."

Bai rufe ba, kuma suna isa gida ya shiga abin da ya kira kwashe kaya. Ya sa aka kira masa duk wanda suka taɓa yin sa-in-sa da shi, har da mahaucin da ya mara tun suna samari, wanda ya zo yana tambayar wane mari ake magana. Ya kira Abuna Bisada, limamin cocinmu, ya furta zunubansa, suka daɗe a ɗaki har shayin da aka kai musu ya huce. Tantabarun da ya yi rayuwarsa yana kiwo ya rarraba wa maƙwabta. Kafin mako ya zagayo duk sun dawo kan soronsa, yana kwance yana jin gurnaninsu yana dariya, wai su ba su je Asyut ba, ba su ji abin da likita ya ce ba.

Ita ma Rifka ta shiga nata shirin. Ta kwashe tarkacen babban ɗaki inda mata za su zauna makoki, ta yi magana da mai kujerun da za a jera wa maza a titi, ta tanadi gahawar da za a dafa ba sukari. Mace ce da ba ta iya zama ba, in baƙin ciki ya taso mata tsintsiya take ɗauka. Tana son mijinta, wannan ba mai musu, kuma tana kukanta a madafa inda ba zai gani ba. Amma gaskiya ɗaya ce, akwai abin da take jira daga mutuwar nan, ko da yake ko a gaban Abuna ba za ta furta shi ba.

Ƙanwarta Narjis take jira. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, kuma sun yi shekaru ba sa ga maciji. Dabinon da mahaifinsu ya shuka ne ya jawo. Yana tsaye a kan iyaka, kowa yana ci, sai ɗan Narjis ya tashi gini kafin ya tafi aiki Kuwait, ya ja katanga ta haɗiye bishiyar. Rifka ta tsaya a titi ta kira ƙanwarta ɓarauniya. Narjis kuwa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da bakin da ba linzami, ta ce, "To in an ba ki, wa za ki bar wa, Yaya?" Rifka ba ta taɓa haihuwa ba. Daga ranar maganar ta ƙare tsakaninsu. Duk kaka dabino yana zubowa ta ɓangaren Rifka, ita kuma tana tsincewa ta wurga musu ta kan katanga, sai abin da Sidhom ya riga ta ya jefa a baki.

Fushin ya daɗe da mutuwa, girman kai ne ya rage. Rifka tana jin tarin ƙanwarta da safe ta bayan katanga, ta san lokacin da mura ta kama ta da lokacin da ta sake ta, kuma tana kewarta sosai. Amma ita ce babba, ita aka gaya wa baƙar magana, ƙafarta ba za ta fara takawa ba. Sai dai a garinmu ba mai ƙin shiga gidan makoki. Ko kotu kuka je da mutum, in aka yi masa rashi za ka sa baƙaƙen kaya ka shiga, ku rungumi juna, kuma ba mai tambayar wa ya sauko. Rifka ta riga ta tsara komai a ranta. Narjis za ta shigo da kuka, ita kuma za ta matsa mata wuri a gefenta, shi ke nan.

Sidhom ya gane tun tuni. Wata rana tana ba shi miyar wake da cokali ya ce, "Ke da ƙanwarki kun mai da ni ƙofa."

"Wace irin ƙofa kuma?"

"Kuna jira in faɗi ku bi ta kaina ku gaisa. Ba ga ƙofar katako can ba? Tana buɗewa, ni na gyara mata sakata."

"Ci abincinka, tsoho mai surutu."

"Rifka, ni aka ba wa'adi, kuma ko shi likita ne ya bayar, ba Ubangiji ba. Ke wa ya ba ki naki da kike kashe kwanaki kamar kin san abin da ya rage?"

Ta goge masa gemu da tsumma da ɗan ƙarfi fiye da yadda ake bukata. "Komai da lokacinsa," in ji ta, ta kwashi kwano ta fita.

Azumi ya yi ta tafiya, Sidhom ya yi ta ramewa, amma bai mutu ba. Da Lahadin Dabino ta matso sai wata sabuwar damuwa ta kama Rifka. Kowa ya san daga yammacin wannan Lahadi har zuwa Idin Tashin Almasihu ba a yi wa kowa addu'ar jana'iza, ko da bishop ne, don makon na shan wahalar Ubangiji ne shi kaɗai. Shi ya sa ana gama sujadar dabino Abuna yakan sauya kaya ya yi jana'iza guda ta kowa da kowa, ya yi addu'a a kan ruwa ya yayyafa wa jama'a, saboda duk wanda ya tafi cikin makon ya tafi da tasa a hannu. Sidhom kuwa ko zama ba ya iya yi sai da matashi, balle zuwa coci. Rifka ta wanke ƙaramar kwalba ta sa a jaka.

"In ka kuskura ka mutu kafin in dawo, ni da kai ne," ta ce masa a bakin ƙofa.

"Zan yi ƙoƙari," in ji shi.

Cocin ya cika maƙil kamar kowace shekara, yara da kambin ganye a ka, manya da gicciye da zobba da aka saƙa da ɗanyen ganyen dabino. Ana gama waƙoƙin murna rabin matasa suka sulale, su a ganinsu mutuwa ba ta san sunansu ba. Da aka rataya baƙaƙen yadi, matan baya suka turo gaba don su sami ruwa, turereniyar nan ce ta kawo Narjis ta ajiye ta kafaɗa da kafaɗa da yayarta. Ba wadda ta kalli wata. Rifka ta ji ƙamshin sabulun da mahaifiyarsu take amfani da shi, ta kuma ga ta wutsiyar ido cewa ƙanwar tata ta yi furfura har a gira. A hannun Narjis akwai wani dogon gicciye mai ado, saƙar hannunta, kuma ba sai an gaya wa Rifka daga wace bishiya aka yanko ganyen ba.

Abuna Bisada ya gama karatu ya tsaya a kan kwanon ruwa, ya dubi jama'a ta saman tabarau.

"Zan faɗi abin da nake faɗa duk shekara, ku kuma ku yi abin da kuke yi duk shekara," in ji shi. "Ruwan nan ba na ganye ba ne. Ganyenku an sa masa albarka tun da safe, kuma ganye ba ya bukatar jana'iza. Naku ne. Yau na sallaci kowa a cikin ɗakin nan, har da ni. Ban san wanda zai ga idi ba, ku ma ba ku sani ba, wanda ya sani kuma bai ga dama ya gaya mana ba, don ya fi son mu zauna a shirye. Saboda haka duk mai maganar da yake ajiyewa sai a bakin kabari, ga gawar nan tsaye kusa da shi, kuma yau tana ji. Ku sauke ganye."

Aka yi 'yar dariya. Yana ɗebo ruwa ya fara watsawa kuwa, hannuwa suka tashi sama gaba ɗaya, kowa yana miƙa ganyensa. Haka muke, an yi mana faɗan nan tun kakanninmu, ba mu daina ba. Narjis ta ɗaga nata gicciyen da hannu biyu har ya rufe mata fuska, ruwan ya sauka a kansa, ita ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Maganar ta zo wa Rifka har bakin leɓe. Sauke, sakarya, kanki ake nufi. Irin maganar da ta saba gaya mata ce tun suna yara, kuma ta san da ta faɗa Narjis za ta juyo ta rama, daga nan kuma an gama. Ta buɗe baki. Sai ta tuna kwalbar da ke jakarta da mutumin da ke kwance a gida, ta ce a ranta saura ƙiris, me zai sa ta zubar da girmanta a gaban matan gari alhali ƙofa tana nan tafe. Ta rufe bakinta, ta kutsa gaba ta miƙa kwalba aka cika mata. Ko da ta waiwayo, Narjis ta bi jama'a ta fita.

Ta sami Sidhom da ransa, yana sauraron tantabaru. Ta yayyafa masa ruwan a ka da ƙirji, ta yi masa alamar gicciye.

"To, an sallace ni," in ji shi. "Ke fa?"

"Ya taɓa ni."

"Kin gan ta?"

"Na ga mutane da yawa."

"Rifka."

"Bayan idi," ta ce, ta rufe kwalbar. Sidhom ya juya fuskarsa bango, kuma wannan ya yi mata ciwo fiye da surutunsa.

Litinin da Talata ta yi su tsakanin coci da gadonsa. Numfashinsa ya fara yin nauyi, ta aika wa mai kujeru ya zauna a shirye. Ranar Laraba da hantsi tana tsaye a kansa da kofin ruwa sai ta ji ihu ta bayan katanga. Muryar Damyana ce, 'yar Narjis da ke zaune da ita. Rifka ba ta san lokacin da kofin ya bar hannunta ba. Ta fita ba takalmi, da rigar zaman gida mai furanni, ta tura ƙofar da ta yi shekaru tana wucewa kamar ba ta gan ta ba. Ba ma a kulle take ba.

Narjis tana kwance a gindin dabinon, tsintsiya a gefenta, shara ta taru wuri guda ba a kwashe ba. Ba ta yi ciwo ba, ba ta yi ƙorafin komai ba, da safen nan ma ta yi wa mai kawo burodi masifa. Rifka ta durƙusa ta ɗago kanta, ta kira sunanta, ta girgiza ta, ta kira ta sakarya, ta ce mata ta tashi. Jikin da sauran ɗumi, amma ba kowa a ciki.

Daga nan abubuwa suka tafi yadda suke tafiya. Mata suka cika gida, likitan ƙauye ya zo ya ce zuciya ce, aka buga wa ɗanta waya a Kuwait, ya ce kada a jira shi. Rifka ce ta wanke ƙanwarta, don ba wanda ya fi ta kusa. Da za a fita da akwati wata maƙwabciya ta taɓa ta, ta nuna mata rigar furannin da ke jikinta. Damyana ta shiga ɗaki ta ciro wata baƙar riga daga ƙusa a bayan ƙofa ta miƙa mata. Rifka ta zura ba tare da ta duba ba. Kujerun da aka jera a titi kuwa nata ne, waɗanda ta tanada, mai kujerun ya matsar da su ƙofa ɗaya kawai.

A coci aka ajiye akwatin a baya. Labulen bagade a rufe yake, ko'ina baƙin yadi, maza suna rera karatun makon da muryar baƙin ciki, kuma ba wanda ya dakata. Ba turare, ba a ambaci sunan Narjis ba. Rifka ta san haka ake yi, ta ga an yi wa wasu, amma ba ta taɓa jin abin a jikinta ba sai yau. Da aka kai ƙarshen karatun, masu ɗauka suka sunkuya, sai ta tsallaka ɓangaren maza ta kama hannun Abuna. Ko sumbatar hannun da aka saba yi wa limami ba ta yi ba.

"Abuna, ka yi mata. Ko gajeriya ce."

"An yi mata, 'yata. Ranar Lahadi."

"Ruwan bai taɓa ta ba! Ganye ta ɗaga, na gani da idona, ina kusa da ita."

"Na gan ku," in ji shi. Bai ɗaga murya ba. "Ba ruwan ne yake kai mutum ba. Ta tsaya, ta ji addu'a, ta ce amin, Ubangiji ya karɓa. Ba abin da ta rasa, kada ki ɗora wa kanki wannan."

"To ni fa? Ban ce mata komai ba."

Abuna ya dube ta ta saman tabarau. Mutum ne da bai iya ƙarya don lallashi ba, shi ya sa wasu ba sa son sa. "Wannan kam ba ni da addu'ar da za ta mai da shi," ya ce. "Ki kai wa Almasihu, tana wurinsa. Kuma ki tuna ke ma an yi miki taki ranar nan. Duk abin da kika gani daga Lahadi zuwa yau ƙari ne aka yi miki."

Aka ɗauki akwatin.

Da la'asar, bayan an dawo daga maƙabarta, Rifka ta zauna a babban ɗakin ƙanwarta, a wurin da babbar mai makoki take zama. Mata suna shigowa suna rungumar ta, suna cewa Allah ya hutar da ranta, ana zagayawa da gahawa mai ɗaci. Sai a lokacin ta lura da rigar da ke jikinta. Hannuwan sun yi mata gajarta, kuma har yanzu da layin guga a kansu, ga ƙamshin sabulun nan. Ba rigar da aka zaro daga ƙasan akwati ba ce.

Ta jawo Damyana kusa. "Wannan rigar, wa ya goge ta? Yaushe aka sami sarari?"

"Mama ce, Inna. Tun ranar da kuka dawo daga Asyut." Yarinyar ta share hanci da bayan hannu. "Duk mako sai ta sauke ta ta sake gogewa. Da safe kuma ta fito da tsintsiya ta yi ta sharar gindin katanga, wurin da ba datti, tana kasa kunne. Ta ce da ta ji kukanki ita za ta fara shiga, kafin kowa, don kada wata ta riga ta zama kusa da ke."

Rifka ta dubi hannun rigar. Ba ta yi ihu ba, matan da ke wurin ma ba su san an faɗi wani abu ba. Baƙin cikin da ya sauko mata ba irin na kuka ba ne, nauyi ne kawai, har ta kasa ɗaga kofin da aka miƙo mata.

Kafin rana ta faɗi ta leƙa gida ta ga Sidhom. Maƙwabcin da ya zauna da shi ya tashi ya ba ta wuri. Sidhom yana jingine da matashi, idonsa biyu, numfashin ma ya ɗan sassauta. Ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Wannan ba rigarki ba ce."

"Taka ce," in ji ta. "Don makokinka Narjis ta goge ta."

Ya gane, bai nemi ƙarin bayani ba. Hawaye ya bi gefen idonsa ya shiga gemu. Rifka ta juya ta ga kofin da ta yar da safe har yanzu yana ƙasa, ga kwanuka ba a wanke ba, ga tsakar gida tantabaru sun ɓata. Hannunta ya kai kan tsintsiya.

"Bar ta," ya ce. "Ni ina nan tukuna."

Ta saki tsintsiyar. Ta jawo kujera kusa da gadon ta zauna, cikin rigar ƙanwarta.